Shaƙar Iskar Oksijin Cikin Ɗakin Matsi: Shin Tana Maganin Jiri Bayan Buguwar Kai?

Mutum kan faɗo daga babur, kansa ya bugu da kwalta, hoton asibiti ya nuna babu jini a ƙwaƙwalwa, amma watanni su shuɗe yana fama da jiri da tangaɗi. Daga cikin hanyoyin da ake tallatawa ga irin waɗannan majinyata akwai shaƙar iskar oksijin cikin matsi.

Yadda ake yi shi ne, a shigar da majinyaci wani rufaffen ɗaki mai kama da tanki, a ƙara nauyin iskar ciki fiye da ta waje, ya shaƙi oksijin zalla na kimanin awa ɗaya, domin jini ya ɗauki iskar da yawa. Likitoci sun amince da hanyar wajen ceto wanda ya shaƙi guba irin ta hayaƙin janareto, da warkar da gyambon ciwon suga.

Batun buguwar kai dabam ne. Rundunar sojan Amurka ce ta fi bincike a kai, saboda dakarunta da bama-bamai suka girgiza a Iraƙi da Afganistan. A wani gwaji da aka wallafa a 2015, cikin sojoji 72, an ba wasu oksijin sau 40, wasu kuma aka sa su cikin ɗakin da iskar yau da kullum ba tare da sun sani ba. Duka rukunan biyu sun ji sauƙi kusan iri ɗaya, abin da ke nuna cewa kulawa da sa rai na iya zama sanadin sauƙin. Wani gwajin na 2018 ya ga ɗan ci gaba, amma ya dusashe bayan watanni. A ganinmu, wannan bai kai hujjar da magidanci zai sayar da gona dominta ba. Ga kuma haɗari: matsin na iya raunata dodon kunne, a wasu lokuta ya jawo jijjiga.

Sau da yawa tushen jirin yana cikin kunne ne, inda buguwa ke gusar da wasu ƙananan ƙwayoyi daga muhallinsu. Likitan kunne ko jami'in gashin ƙashi na iya mayar da su ta hanyar jujjuya kan majinyaci cikin 'yan mintoci, sannan a ɗora shi kan atisayen tsayuwa da tafiya.

Wanda kuwa ya soma amai, ko yawan barci, ko ciwon kai mai ƙaruwa bayan buguwa, a garzaya da shi asibiti nan take.