Kasuwar Lokacin Ɗari: Kason Gida Kafin Na Kasuwa

Jama'ar Arewa, manoma da uwayen gida, ɗari ya shigo. Daga watan Disamba zuwa watan Maris kasuwanninmu suna yin kore. Wanda ya shiga kasuwar Dogon Dutsi ranar Juma'a zai ga shu da salati da karoti da tumatir da albasa da dankalin turawa tuli tuli. Haka abin yake a Matankari da Kore Mairuwa da Tibiri. A duk shekara babu lokacin da kayan garka suke araha kamar wannan. Amma muna da tambaya guda: nawa ne daga cikin wannan albarka yake shiga tukunyar gidanmu?

Daga ina wannan albarka ta fito?

Ƙasarmu tana cikin Dallol Mawri, wato tsohon kwarin da ya ratsa gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri ya gangara kudu wajen Gaya. A wurare da yawa cikin fadama ruwa ba shi da nisa. In an gina rijiya gaba kaɗan sai a tarar da shi. Ga kuma tafkuna, kamar Tafkin Saw na Dogon Dutsi, inda masu garka suke ban ruwa.

Kakanninmu sun san rogo da dankali da rake da albasa tun da daɗewa. Amma bayan fari da yunwar shekarar 1984 ne noman rani ya bazu ƙwarai, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga talakawa su koma fadama da tafki maimakon zaman jiran damina. Yau Dogon Dutsi ta yi suna da dankalin turawa, Sukukutan kuma da albasa. Babbar hanyar kwalta da ta haɗa Yamai da Birnin Kwanni ta bi ta cikin ƙasarmu, shi ya sa ƴan kasuwa suke zuwa da motoci su kwashi kaya.

Ina matsalar take?

Sayar da kaya ba laifi ba ne. Da kuɗin garka muke sayen hatsi da sutura da magani. Sai dai sau da yawa mai garka yana kai duk mai kyau kasuwa, ya bar wa gida wanda ya fara lalacewa, ko ya bar gida babu komai. Sai ka ga mutumin Yamai yana cin karotin Arewa, ɗan mai garka kuwa tuwo da miyar kuka safe da dare. Hatsi yana cika ciki, yana ba da ƙarfi, amma shi kaɗai ba ya gina jikin yaro.

Ma'aikatan kiwon lafiya sun bayyana cewa karoti da kabewa da mangwaro da ganye masu duhun kore, irin su zogale da alayyafo, suna ba jiki bitamin A. Rashin wannan bitamin ne yake kawo dundumi, wato yaro ya kasa gani da zarar magariba ta yi. Yana kuma sa ƙyanda da zawo su fi kayar da yaro. Ganye da wake suna taimakon mace mai ciki wajen ƙarancin jini. Tumatir da shu da lemun tsami suna sa jiki ya ci moriyar wannan abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar giram 400 na kayan garka da ƴaƴan itace kowace rana, wato wajen cikin hannu 5.

Abin da ya kamata mu yi

1. Kafin a ɗora kaya bisa amalanke, a fitar da kason gida, kuma daga mai kyau.

2. Yaron da ya cika wata 6, a ci gaba da ba shi nono, a ƙara masa da kunu. A dafa karoti ko kabewa a dama a ciki, a sa ɗan mai ko tunkuza, domin bitamin A yana bukatar maiƙo.

3. Salati da tumatir da duk abin da za a ci ɗanye, a wanke shi da ruwa mai tsabta, a wanke hannu da sabulu. Mu tambayi ma'aikacin lafiya yadda ake sa jabel cikin ruwan wanki.

4. Wanda ya fesa maganin ƙwari kada ya ɗebi kaya ya kai kasuwa sai kwanakin da aka rubuta jikin kwalba sun cika. Ga amfanin karatu: yanzu muna iya dubawa da kanmu. In rubutun da Faransanci ne, mu nemi malamin gona.

5. Mai saye ya zo kasuwa da ƙwarya ko kwando mai tsabta. Mai sayarwa kuma ya shimfiɗa kaya bisa tabarma ko tebur, nesa da kwata da ƙuda.

Mu tuna da bazara

Arahar nan ba ta daɗewa. Kowa yana girbi lokaci guda, sai kaya su yi yawa, kuɗi ya faɗi. In zafin Afrilu ya shigo, tafki ya ja baya, abin da muka sayar da arha shi za mu nema da tsada. Saboda haka mu shanya tun yanzu. A yanka tumatir a yi kauɗa. A daka ganyen albasa a yi gabu. Zogale da shu kuwa a shanya su cikin inuwa, domin rana tana rage amfaninsu. In sun bushe a zuba cikin tulu ko buhu mai tsabta, a rufe da kyau. Matan unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗin adashi su sayi kwando guda ranar kasuwa, su raba, ya fi sayen kashi kashi sauƙi.

Magabata sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai ban ruwa da matarsa da ƴaƴansa su ne suka fi cancanta su fara cin abin da garka ta bayar. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka cikin nomanmu, amin.