Gashin jiki gaba ɗaya: yadda likitoci ke raba haske daidai daga kai zuwa ƙafa

A gashin kansa da aka saba, irin wanda aka soma a Yamai a 2021 da tallafin hukumar IAEA, likita na auna ƙari ɗaya ne, yana kare sauran jiki. Akwai kuma wani gashin da ake yi wa jiki duka, kafin a yi wa mai sankarar jini dashen ɓargo. Ana so a kashe ƙwayoyin cutar duk inda suka ɓuya, a kuma kwantar da garkuwar jiki don kada ta ƙi sabon ɓargon. Dokta Donnall Thomas na Amurka, wanda ya samu kyautar Nobel a 1990, na cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya.

Galibi ana ba da gire 12, wato ma'aunin hasken da jiki ya sha, a zama shida cikin kwana uku. Ƙa'idar ita ce kada wani sashe ya samu fiye ko ƙasa da abin da aka rubuta da sama da kashi 10 cikin ɗari. Inda hasken ya gaza, cuta na iya dawowa. Inda ya yi yawa, gaɓa ta lalace.

Matsalar ita ce jikin mutum ba kauri ɗaya ba ne. Wuya siriri ne, kafaɗu da ƙugu masu kauri. Na'urar ma ba don wannan aiki aka ƙera ta ba, domin a nisan mita ɗaya haskenta bai wuce santimita 40 a kowane gefe ba. Shi ya sa ake ajiye majiyyaci can jikin bango, mita uku ko huɗu daga na'urar, inda hasken ya baje. Nisan na kuma rage bambanci tsakanin gefen da ke fuskantar na'ura da na baya, sannan a tsakiyar zaman a juya shi.

Sauran gyaran da hannu ake yinsa. Ana jera faifan dalma a saitin kai, wuya da ƙafafu don rage hasken da ke isa wuraren da ba su da kauri. A wasu asibitocin ƙananan buhunan shinkafa ake cusawa a gefen wuya da tsakanin ƙafafu, saboda shinkafa na tare haske kusan kamar tsoka. Ana kuma kafa allon roba gaban majiyyaci, don in babu shi hasken kan tsallake fata bai ba ta cikakken rabonta ba.

Huhu ne ya fi ba likitoci tsoro. Da yake iska ce cike da shi, haske na ratsa shi cikin sauƙi, kuma kumburin huhu bayan gashi yakan kashe. Don haka ake yanka masa garkuwa daidai siffarsa, a sauke rabonsa zuwa gire 8 ko 10. Ana kuma manna ƙananan na'urorin awo a fata don ganin ko lissafi ya yi daidai da abin da jiki ya sha.

Batun ya shafi masu sikila ma. A 2009 likitocin cibiyar NIH ta Amurka sun ba da rahoton dashen ɓargo ga manya masu sikila da gire 3 kacal, haɗe da magunguna.