Gure: Ana zubar da 'ya'yan kyanwa a juji, ɓera na ɓarna a rumbu

Duk wanda ya saba yin sammako ya bi ta bayan mahauta ko bakin juji a garin Gure, da wuya a ce bai taɓa jin wani siririn kuka yana fitowa daga cikin tsohon kwali ko buhu ba. Idan ka buɗe, 'ya'yan kyanwa ne, uku ko huɗu, wasu ko ido ba su buɗe ba. Wani ne ya kawo su da duku-duku ya ajiye, ya koma gida yana ganin ya rabu da ƙaya. Kafin rana ta take tsaka, ko dai ƙishirwa ta gama da su, ko karnuka, ko kuma yaran unguwa su mayar da su abin wasa.

Gure dai, ga wanda bai san ta ba, tana kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram a kan babbar hanyar Diffa, kuma tsohuwar fadar sarakunan Muniyo ce, inda Baturen nan Heinrich Barth ya yada zango a 1852. Ƙasa ce ta gero da dabino da kanwa da kiwo. To, abin mamakin shi ne, a wannan gari da ake zubar da kyanwa, nan ne kuma mai rumbu da mai shagon hatsi da mai ajiyar dabino suke kwana da takaicin ɓera, suna kashe kuɗi wajen sayen guba, wadda sau da yawa kaji ne ke fara cin ta, wani lokaci ma har ta kai ga yara. Ke nan akwai masu bayarwa, akwai masu nema, haɗuwa ce kurum ba su yi ba.

Dalilin yawan 'ya'yan ba ɓoyayye ba ne. Kyanwa, ko mage, ko mussa kamar yadda wasu ke kiranta, tana ɗaukar ciki na kwana 63 zuwa 65 ne kacal, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kuma 'yar da aka haifa yau kafin ta cika wata shida ita ma ta isa ɗaukar ciki. Gidan da ya fara da guda ɗaya don maganin ɓera, kafin shekara ta zagayo sai ka tarar uwargida tana korar bakwai daga bakin tukunya.

Sai dai kuma babban kuskuren da ake yi, hatta masu kyakkyawar niyya, shi ne gaggawa. Ni kaina na taɓa faɗawa ciki. Wata shekara kyanwar gidanmu ta haihu a ƙarƙashin gado, ko mako uku ba a yi ba na ɗauki biyu na kai wa wani maƙwabcinmu mai shago, ina ganin na yi abin kirki. Ya yi ta ba su madarar shanu a murfin gwangwani, sai zawo ya kama su, cikin kwana huɗu duk suka mutu. Daga baya ne na fahimci cewa cikin ɗan kyanwa ba ya narkar da madarar shanu yadda ya kamata, kuma yana buƙatar nonon uwarsa har zuwa mako takwas. A cikin waɗannan makonni ne kuma uwar ke koya musu farauta, inda take kawo musu ɓera, da farko matacce, daga baya mai sauran rai. Wanda aka raba da uwarsa da wuri, ko ya rayu, yakan tashi kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, wadda mai shago ba zai ga amfaninta ba, ƙarshenta ita ma juji.

Saboda haka, mai karatu, wata biyun nan lokacin cigiya ne. A fara da masu hatsi da masu injin niƙa da masu sayar da burodi, sannan ranar kasuwa a tuntuɓi mutanen ƙauye da ke shigowa da amalanke, musamman da kaka lokacin da ake cika rumbuna. A tambayi mai karɓa ko zai riƙa ajiye mata ruwa da ɗan abinci, domin masu cewa a bar ta da yunwa ta fi kama ɓera ba su san kyanwa ba. Mai jin yunwa gidan maƙwabta take komawa sata. Idan an kai ta sabon wuri, a rufe ta a ɗaki na 'yan kwanaki har ta saba, in ba haka ba sai ta kama hanyar inda ta fito.

Baƙar kyanwa ce ta fi shan wahala, don har yanzu akwai masu danganta ta da aljanu ko mayu, abin da ba shi da tushe. Malamai kuwa kullum suna tunatar da jama'a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Mai ɗaure bakin buhu ya jefar a juji ya kamata ya auna aikinsa da wannan. Batun sayarwa ma bai cika tasowa ba, domin a al'adarmu kyauta ake bayar da ita.

A Turai da Amurka likitocin dabbobi kan yi wa mace tiyata, su fiɗiye muzuru, a huta da yawan haihuwa. A ƙasarmu hankalin ma'aikatan dabbobi ya fi karkata ga shanu da raƙuma da awaki, amma duk da haka yana da kyau mai kyanwa ya leƙa ofishinsu ya nemi shawara, tare da tambayar allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana kamuwa da shi, kuma tana iya sa wa mutum ta hanyar cizo. Idan kyanwar da ba a san ta ba ta ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a garzaya da shi asibiti a ranar.