In alƙalami ya cije: yadda magabata suka kai littafinsu na farko ƙarshe

Da wuya ka shiga wata lakwal ko wata fadar matasa a Damagaram, Maraɗi ko Tawa ba ka samu mai kaye ɓoye a ƙasan akwati ba, wanda ya soma rubuta labari a ciki. Shafi 20 na farko sukan zo da gudu kamar ruwan Agusta, daga nan sai alƙalami ya cije. Mai shi ya buɗe, ya karanta abin da ya rubuta jiya, ya ga bai yi masa ba, ya rufe. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara, har gara ta riga masu karatu ganin labarin.

Faransawa suna kiran wannan hali tsoron farar takarda. A Amurka kuwa wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Edmund Bergler ya raɗa masa suna tun 1947. Mu dai da muka bi tarihin wasu marubutan Afirka ta Yamma, mun lura cewa abu uku ne suka fi kai su ga gaci: ranar da aka yanke ta gamawa, sanin inda labari zai sauka, da mai karatu da ke zaune yana jira.

Darasin 1933

A shekarar 1933 wani Baturen Ingila, Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya zagaya biranen arewacin Najeriya yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, kowane kamar kalma 20,000. Ya sha wuya kafin su yarda, domin a ganin da yawansu rubutu na addini ne da manyan al'amura, tatsuniya kuwa aikin mata da yara ne da dare. Wannan ma cijewar alƙalami ce, sai dai ta al'umma ce baki ɗaya.

Amma da aka ce gasa ce, ga tsawon da ake so, ga lokacin rufewa, sai littattafai 5 suka fito: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East. Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ga aji ga gyaran takardun ɗalibai.

In muka duba ginin Ruwan Bagaja za mu ga abin da ya sauƙaƙa masa. Tun farko an san abin da tauraron labarin, Alhaji Imam, ya fita nema, wato ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Duk wata karo da ya yi da Malam Zurƙe zango ne kawai a kan hanya. Matafiyin da ya san garin da za shi, ko ya ɓata hanya zai tambaya ya dawo. Yawancin kaye da ke kwance a akwati kuwa, masu su sun kama hanya ne ba su san masauki ba. Don haka wanda ya cije a tsakiya, ya gwada rubuta babin ƙarshe tukuna, sannan ya dawo ya haɗa hanyar.

A 1936 an sake kiran Imam Zariya, aka sauke masa aikin aji, East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, yana kuma duba abin da ya rubuta. Cikin wajen wata 6 ya haɗa Magana Jari Ce, littafi 3. Ke nan in rijiya ta ƙafe, karatu ne yasarta.

Tsakanin Hausa da Faransanci

Akwai wata matsala da ta fi damun ƴan wannan ɓangare namu. Yaro ya tashi yana tunani da Hausa, amma lakwal ta koya masa rubutu da Faransanci, tare da tsoron jan bik ɗin mushe. In ya zo sa wa tsohuwa magana a baki, sai ya ji da Faransanci ba ta yi kama da kakarsa ba, da Hausa kuma bai saba rubutawa ba. Sai ya tsaya.

Ahmadou Kourouma na Kodibuwa, wanda aikinsa lissafin inshora ne, ya gamu da irin wannan. Maganin da ya yi shi ne ya lanƙwasa Faransanci ya bi tafiyar harshensa na Malinke. Kamfanonin ɗab'i na Paris suka ƙi karɓar Les Soleils des indépendances, sai a birnin Montreal na Kanada aka buga shi a 1968. Da ya yi suna, kamfanin Seuil na Paris ya sake buga shi a 1970.

Marubutan Kano kuwa kai tsaye suka kama Hausar da ake yi a tsakar gida. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Dabarar da yawansu ita ce raba labari kashi-kashi. In na ɗaya ya shiga kasuwa, masu karatu su ne za su hana marubuci barci sai ya kawo na biyu. Yau haka ake yi a zaurukan WhatsApp, inda ake sakin labari babi-babi.

Ba a makara ba, amma lokaci ba ya jira

Wanda ke ganin shekaru sun ja, ya tuna da namu Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya a 1932. Siyasar Sawaba ta kai shi gudun hijira Aljeriya, bayan ya dawo kuma ya sha ɗauri a zamanin mulkin soja. Sai a 1980, yana da shekara 48, ya fitar da Sarraounia, labarin sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

Mariama Bâ ta Senegal, malamar makaranta mai ƴaƴa 9, tana da shekara 50 ta fitar da Une si longue lettre a 1979, ta ci kyautar Noma a 1980. A 1981 ta rasu. Da ta ƙara cewa sai baɗi sau biyu kawai, da ba mu san ta ba.

Lissafin ba shi da wuya. Wanda ya rubuta kalma 250 a rana, wato abin da bai fi shafi 2 na kaye ba, cikin kwana 80 ya kai tsawon da East ya nema. Sharaɗin shi ne kada a tsaya gyara sai an kai ƙarshe, domin ba a yaɓe sai an gama ɗora tubali. A ware lokaci guda, ko bayan sallar asuba ko bayan isha'i. A sami mutum ɗaya mai faɗin gaskiya, a yi masa alkawarin babi duk ranar Juma'a, a kuma faɗa masa ranar da za a gama.

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Amma sai an tashi ake maganar sannu. Saboda haka muna kira ga masu kaye a akwati da su ciro su yau, su kaɗe ƙura, su rubuta ranar gamawa a bangon farko.