Me ya sa wata jita ke riƙe saiti, wata kuma ke saki?

Duk wanda ya saba zama wurin masu tura waƙa a waya a Illela, ko yake tsallakawa Birnin Ƙonni, da wuya a ce bai taɓa jin kiɗan jitar Abzinawa ba. Hanyar da ta wuce Ƙonni ita ce ke kaiwa Tawa da Abalak har Agadas, garin da aka san Bombino da shi. Shi kuwa Mdou Moctar, ɗan yankin Tawa, a Sakkwato ya naɗi kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar a 2008, daga nan waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, wayar birkin keke ce tsirkiyarta. Yau da Fender Stratocaster yake zagaya duniya.

Idan kun kalli irin waɗannan makaɗa a bidiyo, za ku ga wani lokaci suna kai hannu can ƙarshen jita suna murɗa wani abu kafin su shiga sabuwar waƙa. Saiti suke gyarawa. Wata jitar takan daɗe ba ta nemi gyara ba, wata kuwa kafin a gama waƙa ɗaya ta kauce. Mutane sukan ɗora laifin a kan kunnuwan da ake murɗawa, alhali sau da yawa matsalar tana ga yadda aka sassaƙa kan jitar.

Tsirkiya tana tasowa daga cikin jita, ta bi dogon wuya, ta ratsa wani ɗan ƙashi ko roba mai tsagi shida, sannan ta naɗe a kunnenta. Wannan mai tsagin bari mu kira shi mataji, don da shi ya yi kama. Daga mataji zuwa ƙarshe shi ne kan jita. Tsirkiyoyi shida masu matsakaicin kauri, idan an ɗaure su daidai, jan da suke yi ya kai wajen kilo 45, kusan buhun siminti ke nan, kuma dukkansu ta kan mataji suke bi.

A nan darasinku na kimiyya kan gogayya yake shigowa. Ku tuna itacen da ake gittawa a bakin rijiya, wanda igiyar guga ta ci har ta yi masa layi-layi. Gwargwadon yadda igiya ta lanƙwasa a kansa, gwargwadon yadda take kama shi. Haka tsirkiya take a cikin tsagin mataji. Makaɗi ya tura ta gefe da yatsa don muryarta ta hau, sai ta ɗan zamo daga ɓangaren kai. Ya sake ta, ya kamata ta koma inda take. Idan tsagin ya riƙe ta, ba za ta koma duka ba, sai ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ɗaurewa, sautin ya kauce. Wani lokaci ana cikin murɗa kunne sai a ji wata 'yar ƙara, ƙit! Tsirkiyar da ta maƙale ce ta kuɓuce.

To ashe sai a bar ta miƙe sak, babu lanƙwasa? Ba zai yiwu ba. Dole tsirkiya ta ɗan sunkuya ƙasa bayan mataji don ta danne cikin tsaginta, in ba haka ba za ta riƙa karkarwa, ko ma ta fice. Lanƙwasa ta yi kaɗan, sauti ya ɓaci. Ta yi yawa, saiti ya ɓaci. Manyan kamfanoni biyu na Amurka kowanne ya bi tasa hanyar wajen warware wannan.

Gibson, wanda ya fito da Les Paul a 1952, ya kwantar da kan baya da kusan digiri 17, ya raba kunnuwa uku dama uku hagu. Tsirkiya tana danne mataji sosai, ba ta buƙatar wani taimako. Amma tsirkiyoyi biyu na tsakiya, wato D da G, bayan sunkuyawa ƙasa sai sun kuma karkata gefe kafin su isa kunnuwansu. Lanƙwasa biyu ke nan a wuri ɗaya. Shi ya sa ƙorafin masu Les Paul a kan tsirkiyar G ya zama abin tsokana tsakanin makaɗa. Akwai kuma wani haɗari: wuya da kai daga itace guda ake sassaƙo su, kuma daidai inda kan ya kwanta zaren itacen ya gajarta. Jitar ta faɗi ta baya, nan ne take karyewa.

Leo Fender, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne, ya yi tunani irin na mai neman sauƙin aiki. Kan Stratocaster, da ta fito a 1954, bai kwanta ba, an dai ɗan fafe shi ƙasa, kuma kunnuwa shida duk a gefe ɗaya suke, an jera su yadda kowace tsirkiya za ta wuce mataji ta miƙe zuwa nata ba tare da karkata gefe ba. Itace bai ɓarnatu da yawa, kan kuma ba ya saurin karyewa. Sai dai tsirkiyoyi biyu mafi siranta kunnuwansu ne suka fi nisa, don haka ba sa sunkuyawa yadda ya kamata. Aka sa musu wani ɗan ƙarfe da ke danne su. Shi ma ɗan ƙarfen nan wurin gogayya ne, amma bai kai lanƙwasa biyu ba. A ganina, ta fuskar riƙe saiti kaɗai, Fender ya fi dacewa, ko da yake masoya Gibson za su ce murya suke saya.

Mdou Moctar bahago ne, jitar bahagwai yake kaɗawa. Jimi Hendrix shi ma bahago ne, amma shi ta 'yan dama yake juyawa ya sake jera tsirkiyoyin, sai mafi kauri ta zama ita ce mai doguwar tafiya zuwa kunnenta. Daga baya wasu suka haɗa dabarun biyu: PRS ya bar uku da uku amma ya tsuke kan don tsirkiyoyi su kusa miƙewa, Steinberger kuwa ya cire kan gaba ɗaya, ya mayar da kunnuwa gindin jita.

Makaɗanmu na molo da garaya ba su da mataji balle kunnen ƙarfe. Da zoben fata suke ɗaure tsirkiya a jikin sanda, su tura shi sama ko ƙasa har murya ta daidaita. Gogayyar da ke damun mai jita, su ita ce ke riƙe musu saiti.

Wanda ya samu jita a yankinmu yana da ƙarin abokan gaba biyu: ƙurar hunturu da ke cika tsagin mataji, da bushewar iska da ke sa itace ya motsa. Maganin na farko yana cikin jakar makarantarku. A sassauta tsirkiya, a share tsagin, a goga bakin fensir a ciki, domin baƙin da ke cikin fensir yana sa santsi. Sabuwar tsirkiya a ja ta a hankali sau da yawa kafin a amince da ita. Wajen saiti kuma kullum a taso daga ƙasa zuwa muryar da ake so. Idan an wuce, a sassauta sosai a sake hawowa.

Ko babu jita kuna iya gwada wannan a aji. Ku ɗaura dutse a zare, ku ratayo shi ta kan fensir da wani ya riƙe a kwance, ku ja. Sannan ku naɗa zaren sau ɗaya a jikin fensirin ku sake ja. Dutsen bai ƙara nauyi ba, amma hannunku zai gaya muku bambancin.