Ba wuƙar likita ce ke watsa dajin tumbi ba

Duk lokacin da aka ce za a yi wa wani tiyatar dajin tumbi, sai ka ji wani dattijo a dangi ya girgiza kai: "Kada ku yarda a taɓa shi da ƙarfe, bazuwa zai yi." Wannan magana ta mayar da mutane da dama gida, ana ta jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure.

Akwai matakin da ƙarin ya ratsa bangon tumbi, ko ya kama kaluluwar da ke kewaye, amma bai kai hanta ko huhu ba. A nan har yanzu warkewa ake nema, kuma tiyata ce ginshiƙinta.

Majinyata kan yi ƙorafi in aka ce sai sun sha kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, kafin a shiga da su tiyata, suna zargin jan lokaci ake. Ka ɗauki ɗakin da gara ta ci azararsa. Wanda ya canza azara bai kashe garar da ta bi cikin bango ba, aikin baban giwa ya yi. Haka manomi: ya tuge kiri-kiri ya bar saiwa, da ruwan farko za ta dawo. Kemo ke farautar ƙwayoyin da hoto ba ya gani, ya kuma rage girman ƙarin. Galibi zagaye 4 ake yi kafin tiyata, 4 bayanta. Wani bincike na Birtaniya da aka wallafa a 2006 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa kemo da tiyata sun kai shekara 5 a raye, masu tiyata zalla kuwa kashi 23. Haɗin magungunan kemo mai suna FLOT da Jamusawa suka gwada ya ƙara inganta sakamakon a 2019.

Ko an cire tumbin gaba ɗaya mutum na rayuwa: ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, da allurar bitamin B12 har ƙarshen rai.

To me ya sa namu ke rasuwa bayan tiyata? Sun makara ne. Shekaru mutum na sayen maganin "olsa" a kemis, yana rama, yana amai, kashinsa ya yi baƙi, ba wanda ya ce a zura masa na'ura a leƙa cikin. Na'urar ma sai manyan asibitoci, kuɗinta kuma daga aljihun mai ciwo. Da hukumomi sun kawo ta kusa da talaka, da wuƙar likita ba ta ɗauki laifin da ba nata ba.