Karen jagora a gidan haya

A Amurka, mai gida yana da ikon hana ɗan haya ajiye dabba, amma ba zai hana makaho zama da karensa na jagora ba. Dokar gidaje ta 1968, wadda aka faɗaɗa a 1988 don ta haɗa da masu naƙasa, ita ta tilasta wannan sassauci. Har dabbar da ke ɗebe wa mai ciwon damuwa kewa an shigo da ita, kuma nan ne rigimar take, don ba a horar da ita ba, takardar likita ake nunawa.

A Daura kuwa, makaho sanda yake riƙewa, yaro ya kama ɗaya bakin ya ja shi masallaci ko kasuwa, sau da yawa a lokacin da ya kamata yaron yana aji. Kare na mafarauta ne da makiyaya. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda randa da butoci ke ajiye a ƙasa, maƙwabta ma za su riga mai gida ƙin yarda da karen jagora.

Sai dai fiƙihu bai rufe ƙofa ba. An halatta kare don farauta, kiwo da gadin gona, kuma a Malikiyya jikinsa ba najasa ba ne. A 2008 malamai a Birtaniya sun yarda wani saurayi makaho ya je masallaci a Leicester da karensa, ya bar shi a zaure.

Ta fuskar doka kuwa, dokar Najeriya da ta haramta nuna wa naƙasassu wariya, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa mata hannu a Janairun 2019. Mutumin da ya karya ta zai biya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6.